AMSAR WASIƘUNKU: Korar Kiyashi Da Tururuwa Daga Gida Ba Tare Da Guba Ba

Wannan shi ne bayanin da aka karanta a filin amsa wasiƙun masu sauraro. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami damar saurare ba.

 Yau jakar wasiƙunmu ta karkata ƙasar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kebbi, don kuwa wasiƙu huɗu muka samu daga can, kuma duk kukansu ɗaya ne.

Wata uwargida daga cikin garin Gwandu, wadda ta ce a sakaya sunanta, ta ce kiyashi ya hana ta ajiye ko tuwon ɗumame, har ya kai yana hawa shimfiɗar jaririnta. Wani mai tireda a Kalgo ya ce kiyashi ya addabi buhun suga da ƙuli-ƙuli da dabinonsa, wani kuma ya ba shi shawara ya yayyafa fiya-fiya a cikin shagon, yana tambaya ko ya yi. Wani manomi daga Kambaza ya ce tururuwa tana ɗibar masa gero tun daga shuka har rumbu. Sai wani malami daga Dalijan da ke tambaya ko ya halatta a kashe ta ma. To, mun gode da wasiƙunku, ga amsa gwargwadon iko.

KADA KA YAYYAFA

Mu fara da kai mai tireda, domin tambayarka ce ta shafi rai. Malam, kada ka yi. Abin da ke cikin yawancin fiya-fiyar da ake ƙullawa a ƙananan kwalabe, da maganin nan da ake kira Sniper, guba ce mai suna dikilobos. Tana shiga jiki ta baki, tana shiga ta numfashi, tana kuma shiga ta fata. Suga da gari da ƙuli-ƙuli kuwa suna shan duk abin da aka fesa kusa da su. Ka ga ke nan kiyashi kaɗan za ka kashe, sauran gubar kuma ka auna wa yaron maƙwabcinka a leda.

Wannan magana ba tsoratarwa ba ce kawai. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami wannan guba a cikinsa fiye da ƙima. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan maganin gona barkatai a kasuwanni da kantuna, bayan an yi ta asarar rayuka. In ƙaddara ta faɗa wani ya sha, ko ya shaƙa da yawa, za ku ga miyau yana dalala, gumi yana karyo masa, ga amai, ga numfashi da ƙyar. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan. Allah ya kiyaye.

ME KE KAWO SU?

Kafin mu faɗi abin yi, ya kamata mu san wanda muke fama da shi. Suna da iri fiye da 12,000 a duniya, amma a nan wajenmu waɗanda suka fi damun mu su ne kiyashi, ƙanƙanin nan mai son zaƙi da maiƙo, da tururuwa mai jidar hatsi, da cinnaka mai harbi, da kwarkwasa mai zuwa da runduna. Gara ba danginsu ba ce, ita ta fi kusa da kyankyaso, kuma maganarta sai wani mako.

A shekarar 2022 wasu masana daga Jamus da Hong Kong suka yi ƙiyasi, suka ce da za a raba tururuwar duniya da danginta ga 'yan Adam, kowane mutum ɗaya zai tashi da wajen miliyan biyu da rabi. To, wa zai ƙarar da su da fesa? Waɗanda kuke gani a tsakar ɗaki ma'aikata ne kawai. Uwarsu tana can cikin rami tana zuba ƙwai, kuma takan yi shekaru a raye. Ka kashe ɗari yau, gobe a turo maka wasu.

Ga yadda suke aiki. Ɗaya ne ke fita yawon neman abinci. In ya dace, sai ya koma gida yana goga ƙarshen cikinsa a ƙasa, yana barin wani wari da mu ba ma ji, su kuwa suna shinshina shi da 'yan ƙahonnin nan biyu na kansu. Wanda duk ya bi ya samu, shi ma sai ya ƙara warin, nan da nan hanya ta zama titi. Wani masani ɗan Amurka, Edward Wilson, ya nuna inda wannan wari ke fitowa a jikinsu tun a 1959. Kai ma kana iya gwadawa yau. In ka ga sun ja layi, ka goga yatsanka ka yanke layin, za ka ga sun tsaya suna dawurwura kamar baƙin da suka ɓace a kasuwar Jega.

Saboda haka abin da ke kawo su gidanka bai wuce abinci da ruwa ba, sai kuma hanyar da suka samu a buɗe. Wanda ya hana su waɗannan ya gama da su, ko kwabo bai kashe wajen mai magani ba.

GA KE UWARGIDA

Baiwar Allah, aikin farko shi ne ki bi layin da ido, kada ki yi saurin share su. Bi su ki ga inda suke shigowa da inda suke nufa. Sau da yawa za ki tarar da wata 'yar tsaga ce a gindin bango, ko ƙarƙashin ƙofa, ko gindin randa inda ƙasa ba ta bushewa.

In kin gano, ki kaɗa sabulu ko omo a ruwa, ki jiƙa tsumma ki goge hanyar tun daga kwanon har bakin ramin. Ruwan sabulu yana wanke warin da suke bi. Shara da tsintsiya kaɗai ba ta wanke shi, shi ya sa kike sharewa da safe su dawo da hantsi. In kina da lemun tsami ki matsa a ruwa ki sake bin wurin da shi. Daga nan a toshe tsagar da laka, ko siminti in ɗakin na siminti ne. In ba a toshe ba, aikin baya ne.

Sai toka. Tokar murhu mai laushi, busasshiya, wadda ta huce, ki zuba ta layi mai kauri kamar faɗin yatsu uku a bakin ƙofa da kewayen abin da kike son tsarewa. Ba sa son taka ta, domin tana manne musu tana busar da jikinsu. Amma ki sani, da ta jiƙe ko iska ta kwashe ta, amfaninta ya ƙare, sai an sake. Da damina kullum ne.

Kanumfari da tafarnuwa da garin barkono da ganyen dogon yaro, duk ana sa su, kuma ƙamshinsu yana rikita su na ɗan lokaci. 'Yan ƙwayoyin kanumfari a cikin gwangwanin suga ba laifi. Amma gaskiya ɗaya ce, in abinci yana buɗe za su kewaye kanumfarin su isa gare shi. Barkono kuma ban da shi a ɗakin da yaro ke rarrafe.

Kada ki manta da ragaya. Iyayenmu ba don ado kaɗai suka rataye ƙwarya ba. Ki rataye abincin dare, ki shafa basilin a igiyar daga sama kamar tsawon ɗan yatsa, ba za su iya ƙetarewa ba. Kwanukan da aka ci abinci da dare kuma a wanke su kafin a kwanta. Kwano ɗaya mai maiƙo da ya kwana a tsakar gida ya isa ya gayyato gari guda.

Maganar jariri kuwa, abin da ke jan su shi ne nonon da ya zuba da tumbuɗi. Ki goge masa baki da wuya bayan ya sha, ki canja zanen da ya jiƙe. In gado ne, ki janye shi daga jikin bango, ki sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ruwa, ki kuma duba kada gidan sauro ko zane ya taɓa ƙasa, don nan ne gadarsu. In wani ya shiga kunnen yaro, kada a sa tsinke, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Wanda cinnaka ya harba, a wanke wurin da sabulu a ɗora tsumma mai sanyi. Amma in fuska ta kumbura ko numfashi ya soma sarƙewa, wannan na asibiti ne, ba jira.

Har ila yau akwai abu guda da muke roƙon kowa ya riƙe. In kuka lura kiyashi yana taruwa a inda wani mutumin gidan ya yi fitsari, musamman in yana yawan jin ƙishirwa, yana yawan fita fitsari da dare, yana kuma ramewa, to, ya je a auna jininsa. Yana iya zama ciwon suga. Likitocin ƙasar Indiya na zamanin da da wannan alama suke gane shi. Ba tabbas ba ne sai an auna, amma awon ba wuya.

MU KOMA SHAGO

To, mai tireda, tunda mun hana ka fiya-fiya, ga madadinta. Buhun suga kada ya zauna a ƙasa, kada kuma ya jingina da bango. Ɗora shi a kan benci ko katako, ka bar tazarar da hannu zai wuce tsakaninsa da bango. Ƙafafun bencin da na teburin kayan zaƙi ka sa su cikin gwangwanayen madara ko na tumatir, ka zuba ruwa, ka ɗiga ɗan ruwan sabulu. Dalilin sabulun shi ne, kiyashi don rashin nauyinsa yana iya tafiya a kan ruwa in ƙura ta rufe shi, amma in da sabulu nutsewa zai yi. Ka riƙa canja ruwan duk bayan kwana uku, don kada ka kori kiyashi ka yi kiwon sauro. In ba ka son ruwa, cika gwangwanin da busasshiyar toka.

Abin da za ka sayar a yini ka juye shi a bokitin roba mai murfi, ka ɗaure bakin buhun tamau. Dabino da alewa da mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli su ma haka. Kwalbar zuma a goge jikinta duk lokacin da aka tsiyaya, don ɗigon da ke gangarowa shi ne mai kiran su. Mai shayi ya kula da gwangwanin madara da cokalin suga, mai busasshen kifi ya kula da ɓurɓushin da ke zuba a ƙarƙashin kwando. Kafin ka rufe shago, share inda kake awo, ka goge mudu da teburi da ruwan sabulu. Aikin minti goma ne.

In kuwa sun riga sun shiga buhu, kada ka zubar, kada kuma ka fesa kome. Shimfiɗa sugan a kan tabarma mai tsabta ko faranti a rana, za su watse da kansu don ba sa jure zafi, sa'an nan ka tankaɗe. Wata fa'ida kuma, duk wanda ya shigo shagonka ya ji ba warin magani, ya ga kaya a rufe, hankalinsa zai fi kwanciya da saye.

TURURUWA DA RUMBU

Manomin Kambaza, kukanka gaskiya ne, ɗibar tururuwa ba kaɗan ba ce. Dattawa sun san cewa a shekarun yunwa har gidanta akan tona a kwashe hatsin da ta tara, kuma an ga haka a Jamhuriyar Nijar a yunwar 2005. Wanda aka tona gidansa aka sami abin dafawa, ka san ba ƙaramin ma'aji ba ne.

Wajen shuka, ta fi cin ribar wanda ya yi binne, wato bizne kamar yadda ake cewa a nan, domin irin yana daɗewa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. In za ka yi, ka rufe ramin sosai ka taka, kada ka bar ƙwaya a fili. Yaran da ke bin ka da iri su ma ka ja musu kunne, don yawanci wurinsu ake zubarwa. In irin da aka cuɗa da maganin shuka ne, ragowarsa ba ta ci ba ce, ba ta kaji ba ce, a ajiye ta nesa da abinci.

Lokacin kaka, kafin ka zaɓi wurin shanya ko masussuka, zaga ka duba. Gidan tururuwa ba ya ɓuya, za ka ga fili fetal ba ciyawa, ga ƙaiƙayi a bakin rami, ga hanyoyinta sun miƙe ta ko'ina. Ka yi nesa da shi. Shanya a kan tamfol ko daɓe, ka kewaye da toka, ka kwashe kafin dare.

Rumbu kuwa tun kafin a zuba sabon hatsi ake gyaransa. A share tsohon da ya rage, a yaɓe duk wata tsaga ciki da waje. A nome ciyawar da ke kewaye, a share ƙarƙashinsa, a zuba toka a gindin kowane dutsen da ya ɗauke shi. Sai abin da aka fi mantawa da shi: tsani, da kara, da fartanya, da itacen da aka jingina a jikin rumbu. Ka tsare duwatsu da toka, ka bar tsani a jingine, ai ka rufe ƙofa ne ka bar taga. Hatsin da aka sussuke kuma, da wake, a sa su a duro mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. An yi shi ne don ƙwarin wake, ba ya bukatar magani ko kaɗan, amma a ɗora shi a kan katako kada wani abu ya huda shi. Malaman gona na KARDA za su nuna maka yadda ake ɗaure shi.

Bugu da ƙari, in kana da mangwaro ko lemo ko gwaiba a gida ka ga kiyashi yana hawa da sauka, duba bayan ganyen. Za ka tarar da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan itace suna fitar da wani abu mai danƙo da zaƙi, irin darɓar da ke kama dawa. Wannan zaƙin kiyashi ke bi, har gadin ƙwarin yake yi kamar makiyayi da shanunsa. Daka busassun 'ya'yan dogon yaro kamar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma. In ƙwarin suka ragu, kiyashi zai ragu. Reshen da ya taɓa rufin ɗaki kuma a sare shi.

IN KWARKWASA TA SHIGO

Ba wanda ya tambaya, amma mutanen bakin fadama sun san ta, musamman da damina. Ita ba ta zama wuri ɗaya, wucewa take yi, sai dai tana iya kashe 'yan tsaki da dabbar da ke ɗaure. In ta shigo da dare, a fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya. A kwance dabbobi daga turke, a buɗe akurki. A zuba toka mai yawa a gaban rundunar don ta karkata. Kada a watsa kananzir a kunna wuta, sau nawa aka ƙone ɗaki garin korar kwarkwasa? In kun ba ta hanya za ta wuce, ta kuma tafi muku da kyankyasai.

TAMBAYAR MALAM

Allah gafarta Malam, ƙasar Malam Abdullahin Gwandu ba a kai mata karatu, mu dai tuni za mu yi. Kun fi mu sanin cewa sura ta 27 a Alƙur'ani mai girma sunan tururuwa gare ta, saboda labarinta da Annabi Sulaimanu, alaihis salam. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas hanin kashe wasu halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani Annabi da aka yi wa faɗa don ya sa an ƙone gidan tururuwa ɗungum saboda cizon guda ɗaya. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya yi sauƙi a kan wadda ta cutar har aka rasa yadda za a yi da ita, tare da nuna cewa a ƙyale ta ya fi. Sauran bayani muna barin sa ga malamai.

Abin da za mu ƙara shi ne, dabarun da muka lissafa yau kusan duk na korewa ne da tsarewa. In rami yana cikin ɗakin kwana ne, ya zama dole, a riƙa zuba masa ruwan sabulu kaɗan-kaɗan kwana biyu ko uku, ban da malalawa a gindin bangon ƙasa, sa'an nan a toshe. Sau da yawa da kansu za su kwashe ƙwansu su ƙaura. Wanda ke can bayan gida ko gefen gona, bai taɓa maka kome ba, bar shi. Ramukansu suna buɗe ƙasa ruwa ya shiga, gwano kuma, duk da warinsa, babban mai farautar gara ne.

To jama'a, a gwada waɗannan har mako biyu ba fashi, don ba aikin yini ɗaya ba ne. Uwargida ta Gwandu da mai tireda na Kalgo, muna jiran ku sake rubuto mana yadda ta kaya, ko an dace ko ba a dace ba. Wanda kuma ya san wata dabara da ya gada wurin iyaye, ya aiko mu karanta wa 'yan'uwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.